Ƙasar da Muka Aro Daga Maƙabarta

Shekarun baya, a cikin shekarun nan da hanya ta ƙi biyuwa tsakanin Safana da Batsari, na taɓa zama matsafi a bakin mutanen garinmu. Ni ɗin nan da kuke gani, malamin firamare, wanda ko kaza aka ce ya yanka sai ya leƙa ya kira maƙwabci. Jiya wani ya tayar da zancen muka yi ta dariya, shi ne na ce bari in ba ku labarin tun daga tushe.

Mahaifiyata, Inna, tana da wani ɗan kurmi a bayan gari, gadon mahaifinsu ita da ƙanenta. Ba wani babba ba ne, in ka tsaya a wannan gefe ka ƙwala kira, na wancan gefen zai amsa maka. Amma tsofaffin itatuwa ne a cunkushe, ɗorawa ta fi yawa, ga kaɗanya, ga marke, ga 'yar tsamiya. Ba a taɓa sa masa garma ba. Ganye ya zuba ya ruɓe a inda ya faɗi, shekara da shekaru, har ƙasar wurin ta yi baƙi, in ka taka ka ji tana lotsawa. Da kalwar ɗorawar nan Inna ta yi daddawar da ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ni kaina da daddawa na yi karatu, shi ya sa har gobe in wani ya toshe hanci ya ce tana wari sai in ji kamar ni ya zaga.

Ƙanen nata, kawuna, yana zaune a wani ƙauye can wajen Runka, dab da bakin daji. Manomi ne mai shanu da tumaki, mutum mai rufin asiri. Da 'yan bindiga suka matsa, aka kore masa fiye da rabin garke a wuni ɗaya, sai ya tattaro iyalinsa da abin da ya rage ya taho garinmu. Bai zo shi kaɗai ba, maƙwabtansa ma sun biyo shi, kowa yana jan 'yan dabbobinsa. Mutane dai aka rarraba su gida-gida. Dabbobi fa? In an bar su a fili, daga nesa za a hango su. Kurmi kuwa duhu gare shi, kuma yana jikin gari.

Inna da bakinta ta ce a zuba su a ciki. Kuma wallahi murna take yi, don a wurinmu taki ba ya yawa. Tun muna yara muke ganin manomi yana bai wa makiyayi damman dawa don kawai ya sauka a gonarsa da rani, shanu su kwana su zubar masa da kashi. Wanda garke ya sauka a gonarsa, ana yi masa barka. Ta dube ni ta ce, “Ka ga ikon Allah, Malam? Wasu na biya, mu ga shi an kawo mana har gida.” Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, Malam take ce mini, kuma in ta ja muryar na san ba girmamawa ba ce. Dabara ɗaya ta yi: ta sa aka kewaye wani lungu da ƙaya, inda ɗorawoyin da suka fi 'ya'ya suke, don kada awaki su ci ɓawonsu.

Daminar farko sai ka ce an yi wa itatuwan wanka. Ganye ya yi kore shar har yana baƙi-baƙi, masu wucewa suna tsayawa suna sa albarka. Shekarar da ta biyo baya fure ya ragu, muka ce ai haka ɗorawa take, wata shekara ta bayar wata ta huta. A ta uku ne hankalin Inna ya tashi. Kawunan itatuwan suka fara bushewa daga sama. Jajayen tuntayen furen nan da kan rataya su cika reshe, ka ga tsilli-tsilli, su ma su zube kafin su zama 'ya'ya. Naman kaza da yara kan tsinto bayan ruwa ya ɓace. Zaƙami da zaki-banza suka mamaye duk inda dabba ba ta taka ba. Abin da ya fi ɗaure mata kai, har lungun da ta kewaye da ƙaya bai tsira ba, alhali ko ɗan akuya bai taɓa shiga ba.

Sai ta yanke hukunci irin na manomi. Ta ce, “Yunwa suke ji. Malam, ka nemo mini takin zamani, ko tiya biyu ce, a zuba musu.”

Ni kuwa ban san wane iri ake bai wa itace ba, sai na tafi wurin abokina, malamin aikin gona a makarantar sakandare, wanda aiki ya kawo shi daga can gabashin jiha. Mutum ne mai sanyin magana, amma da na gama bayani sai ya tuntsire da dariya. Ya ce, “Itacen da ke tsaye cikin kashin shanu har gwiwa, shi ne yake jin yunwa? Tashi mu je in gani.”

Muka je da Inna. Bayan sun gama gaisuwa, an tambayi gida da makaranta da gajiya da ya muka ji da wannan zamani, ya karɓi fartanya ya sara. Saman ƙasar ya yi ɓawo mai kauri na busasshen kashi. Ƙarƙashinsa kuma ƙasa ce a daskare, ba tana, ba gara, ba komai, sai wani zarni mai hawa ka. Ya tambayi Inna, da can in ta ɗaga ganye me take gani? Ta ce wani farin abu kamar zaren kaɗi, yana bin ruɓaɓɓen ganye da ƙananan saiwoyi.

“Kin san ko mene ne, Inna?”

“Ruɓa ce mana, malamin gona.”

Ya ce a'a, mai rai ne, dangin naman kaza. Wani ana ganinsa, mafi yawa kuwa ido ba ya kama su. Wasu su ne ke cinye ganyen da ya zuba su mayar da shi ƙasa. Wasu kuma suna manne wa saiwa, su miƙa zarensu can nesa inda saiwar ba ta kai ba, su jawo wa itace ruwa da sauran abinci, shi kuma itacen yana biyansu da zaƙin da ganyensa ke haɗawa. To akwai wani sinadari, naitirojin, shi ne ƙarfin takin yuriya, kuma fitsarin dabba da kashinta cike suke da shi. Gona tana son sa da yawa, don kowace shekara ana girbe shi a tafi da shi. Ƙasar daji kuwa da kaɗan ta saba. In ya kwararo mata babu ƙaƙƙautawa, itace sai ya ga ga abinci a ƙofa, ya daina biyan masu zaren, su kuma su mutu. Ƙasar ta yi tsami, ruwan sama ya wanke sauran abincin da ke ciki. Da damina ba ka gane komai. Sai rani ya tsananta, itace ya nemi mai ɗebo masa ruwa ya rasa.

Inna ta ce, “Wato ɗorawa ta ga baƙo da goma ta arziki, ta sallami 'yan gida.” Sannan ta nuna lungun da ta kewaye. “To waɗancan fa? Su wa ya yi musu fitsari?”

Ya ce, “Kina jin zarnin nan, Inna? Abin da kike shaƙa shi ne sinadarin yake tashi. Ba ya nisa, raɓa da ruwan sama su sake sauko da shi a kan ganye da ƙasa. Ƙaya tana hana akuya, amma ba ta hana iska.”

Ya gaya mana gaskiya, bai yi alkawarin komai ba. Ya ce in ana so a gwada, sai dabbobi sun fita, a kankare ɓawon nan a kai gonaki inda ake nemansa, a rufe ƙasar da kara da ƙaiƙayi su tsotse abin da ya yi yawa, a ɗan barbaɗa toka saboda tsamin. Sannan a samo ƙasa mai rai daga wani wuri mai tsofaffin itatuwa, a zuzzuba a gindinsu ta zama iri. Wannan Inna ta gane shi nan take, ta ce kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a madara ta kama. Sai dai ina za a samo? Daji ba ya shiguwa, wanda ya shiga sai addu'a. Duk wata inuwa da ke kusa da gari kuma an sare ta an yi girki, tun da aka daina zuwa itace nesa. Abokina ya ɗaga kai ya duba gabas, inda wasu manyan itatuwa suka yi duhu, ya ce, “Can fa?”

Inna ta dafe ƙirji. “A'uzubillahi! Maƙabarta ce fa!”

Ya ce ai shi ya sa. Ba a noma, ba a kiwo, ba a sara. Ita ko ta ce kada ta ƙara jin wannan magana. Kowa ya san masu ɗiban ƙasar maƙabarta, kuma kowa ya san abin da suke yi da ita.

Washegari ta kira kawu. Ina zaune a bakin ƙofa. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar fitar da dabbobin. Ya dube ta kamar bai ji ba.

“Mi kika ce, Yaya? In kai su fili a kwashe sauran? Itace kika zaɓa ko ɗan'uwanki?”

“Ba haka ba ne. Mutuwa suke yi, kai ma kana gani.”

“To tunda mutuwa suke, a kira masu gawayi su saye tun suna da amfani. Ni ma ɗan mai kurmin ne, ina da rabo. A sare, a yi garke na sosai.”

Kada ku ga laifinsa. Mutum ne da ya saba bayarwa, ya wayi gari a ɗakin aro, matansa suna jiran a miƙo musu tuwo. Shanun nan su kaɗai suka rage masa da zai nuna ya ce nawa ne. Amma ranar na ga Inna tana share ido da bakin mayafi, abin da rabona da gani tun rasuwar mahaifinmu. Ba ta da gona, ba ta da shanu. In aka sare ɗorawar nan, an sare sana'arta, an kuma sare abin da ya rage mata na ubanta. Zuciyata ta yi zafi ƙwarai.

Nan fa na yi shawara da kaina, kuma kun san shawarar mutum ɗaya. Na ce in na nemi izini za a hana, in kuwa ƙasar ta yi aiki kowa zai manta da inda ta fito. Sai na zaɓi tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa, na ɗaure buhu da fartanya a bayan babur, na nufi maƙabarta ta hanyar bayan gari. Dubi wayo! Ban ko shiga cikin kaburbura ba, tsoro ba zai bar ni ba. A gefen shinge na tsuguna, gindin wata tsohuwar ɗorawa, ina sara ina karanta duk surar da ta zo bakina, ina waige-waige kamar ɓarawon akuya. Da na ɗaga ganyen kuwa sai ga farin zaren nan shimfiɗe, ga wani ƙamshi mai sanyi da na manta da shi. Ina cikin murna na ɗago kai, muka yi ido huɗu da wasu mata biyu ɗauke da tulu. Na ce, “Sannunku.” Sai kawai suka ƙara sauri.

Kafin la'asar labari ya gama gari, kuma ya yi 'ya'ya a hanya. An ce an ga Malam yana tonon kabari yana surkulle. An ce uwarsa ce ta aike shi, za a binne ƙasar a kurmi shanun baƙi su mutu ɗaya bayan ɗaya. Washegari na shiga aji na tarar da benci uku babu kowa, iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa. Mai shayin da kullum yake tsokanata ya miƙo mini kofi da kan yatsu. Yau abin dariya ne, amma a lokacin ba wasa ba ne, don zamani ne da zargi kaɗai kan iya sa mutum ya bar gari. Kawu kuwa ya aika wa masu gawayi, suka zo suna zagaya itatuwa suna bubbuga su da ƙotar gatari. Inna ta ce mini, “Sannu Malam, sannu da ƙoƙari. Garin neman gira ka tsone mana ido.”

Liman ne ya aiko a kira ni. Tsoho ne mai raha, shi ya karantar da ni allo, ya san iyakar jarumtata. Na tarar da zaurensa cike da dattawa, ga kawu a gefe ya haɗe rai. Na zo da buhun, na kuma jawo abokina, don ya taya ni bayani. Bayan gaisuwa Liman ya ce, “To Malam, me ka je nema wurin waɗanda ba su gayyace ka ba?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, ƙasa ce kawai.”

“Ai ita ce matsalar.”

Abokina ya nemi faifai biyu. A ɗaya ya zuba ƙasar buhuna, a ɗayan ya ajiye dunƙulen da ya saro daga kurmi. Ya maimaita bayanin da ya yi wa Inna, a taƙaice. Aka zagaya da faya-fayan hannu zuwa hannu. Liman ya shinshina na kurmi ya kawar da kai yana tari. Ya shinshina ɗayan, ya daɗe. Wani dattijo ya ja farin zaren da yatsa ya ce, “Wallahi haka kurmin nan yake ƙamshi muna yara, in mun je tsintar ɗorawa.” Na lura kawu ma da faifan ya iso gare shi bai miƙa shi da wuri ba.

Liman ya juyo kaina. Ya ce, “Kai kuma, abin da ba laifi ba ka je ka yi shi kamar ɓarawo. Wa zai ga mutum yana waige-waige a maƙabarta ya ce alheri yake shukawa?” Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Sannan ya yanke magana. Ba za a taɓa ƙasar kabari ba, ko ta kusa da shi. Amma zirin da ke bin shinge, inda ba a taɓa binne kowa ba, a ɗiba kaɗan-kaɗan daga wuri-wuri, a mayar da ganye a rufe. A yi shi a bainar jama'a. Kuma aro ne, za mu biya da gyaran shinge da dashen sababbin itatuwa, tunda raya itace sadaka ce.

Kawu ya ce, “Allah gafarta Malam, duk na ji. Shanuna fa? Su ba su da liman?”

Liman ya yi murmushi ya ce ai shi ma roƙo gare shi. Gonarsa da ke jingine da katangar masallaci, kusa da inda 'yan sa-kai ke zama, ta manta kamannin takin zamani saboda tsada. In kawu zai saukar masa da garke a can, zai ba da dami kamar yadda iyaye suka saba. Kafin ya rufe baki wani ya ce ai tasa gonar ta fi kusa da gidaje. Wani ya ce shi zai ƙara da harawa, kuma samarin gidansa za su yi gadi. Sai ga dattawa suna jayayya a kan wa shanu za su fara sauka a gonarsa. Na dubi kawu. Mutumin da ya shekara uku ana ce masa ɗan gudun hijira, yau ga masu gari suna roƙonsa. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya ce sai ya duba gonakin tukuna. Amma ya kafa sharaɗi: fure biyu zai jira. In ɗorawa ba ta dawo ba, gatari zai shiga, kuma kada Yaya ta ce ya ci amana.

Ranar ɗiban ƙasa Liman da kansa ya cika kwanon farko bayan sallar la'asar, ya ɗora wa kansa a ka, ya ratsa tsakiyar kasuwa da shi. Wa zai ƙara cewa tsafi? Matan nan biyu ma har da su a masu dako. Muka kankare kurmi, amalanke tana kwasa zuwa gonaki, muka shimfiɗa kara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, muka tona ƙananan ramuka a gindin kowane itace muka zuba ƙasar aro muka rufe. Tsoro bai ƙare ba, kada in yi muku ƙarya. Sau da yawa in aka ji ƙarar babura daga yamma, sai a kora dabbobin cikin filin makarantarmu a kulle, in zo da safe in tarar da saniya tana leƙen ajina. Amma Allah ya tsare, ba a ƙara ɗaukar ko tunkiya ba.

Furen farko ya zo ya wuce, ba abin kirki. Mafi muni, babbar ɗorawar tsakiya, wadda kakanmu kan shimfiɗa buzu a gindinta, ta ƙarasa bushewa. Inna ta ce a sare a bai wa kawu, ta shige ɗaki ba ta fito ba sai da aka gama. Na ce wa abokina ko dai mun yi aikin banza? Ya ce shi ma bai sani ba, abin da aka ɓata a shekaru ba ya gyaruwa a wata. Kullum da safe Inna sai ta je ta ɗaga kara da sandarta ta leƙa, ta mayar, ta dawo gida.

A tsakiyar damina ta biyu, bayan wani ruwa mai ƙarfi, ta iso makaranta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a taga ta yafito ni. Ta kwance bakin mayafi, sai ga naman kaza guda uku, da wani ruɓaɓɓen kara wanda farin zare ya naɗe. Ta ce, “Malam, 'yan gida sun dawo.” Wannan karon ba ta ja muryar ba. Na karɓi karan na nuna wa yaran ajina.

Da sanyi ya wuce ɗorawa ta yi fure. Ba kamar da ba, amma ja ya bayyana a kusan kowane reshe mai rai, ƙudan zuma suna ta kuka a kai. Kawu ya zo ya tsaya ya harɗe hannu a baya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Bai ce ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, “Yaya, in kin yi daddawa a sa da gidana.” Masu gawayi ba su ƙara zuwa ba.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Babu mugu a cikin labarin. Inna alheri ta yi, kawu tsira ya nema, taki kuma albarka ne kamar yadda muka gada. Abin da ba mu sani ba shi ne, abin da ke raya gona yana iya shaƙe daji, kuma ƙasar da muke takawa cike take da halittun da ke yi mana aiki ba mu taɓa ganinsu ba. Tun daga nan na rage saurin cewa abu kaza ba ya yawa. Na kuma koyi cewa in zan yi abin kirki, in yi shi ta tsakiyar kasuwa.

Da hanya ta ɗan lafa, kawu ya koma ƙauyensu. Ya tarar an sare duk wata inuwa, an ƙone, ƙasa ta zama fako. Ya yi ta dasa ɗorawa suna mutuwa. Bara sai ga shi a kan babur, da buhu a naɗe a ƙarƙashin cinya. Ya gaishe da Inna, ya tambayi jiki, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar jiki. Can dai ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, ƙasa na zo ki sam mini.”

Ta ce, “A fili kake so, ko irin na Malam?”

Ta ɗauki sandarta suka tafi, ni ina biye da fartanya. Ita ta riƙa nuna inda za a sara, nan kaɗan can kaɗan, tana mayar da ganye da hannunta. Da buhu ya cika ya ɗaure shi a bayan babur. Rana ta take sosai. Sai na ga ya tuɓe babbar rigarsa, ya jiƙa ta a randa, ya lulluɓe buhun da ita ya soke gefe-gefe, ya hau daga shi sai 'yar shara. Ya tayar da babur, Inna ta riƙe masa hannu.

Ta ce, “Ka tafi a hankali. Da masu rai a ciki.”